Shagon gwal da Wikipedia: yadda za ka gane ko ya cancanci maƙala tun kafin ka fara rubutu

Idan aka san ka iya rubutu a Wikipedia, ko a Gumel kake ko Wudil ko wani ƙauye a bayan Ringim, ba za a daɗe ba wani babba zai aiko a kira ka. Sau da yawa mai shago ne, kuma masu sayar da gwal da azurfa da kayan lefe suna kan gaba, domin kasuwancinsu a kan suna da amana yake tafiya. Zai ce, “Yaro, shekara talatin ina sana'ar nan, babu amaryar da aka kai a ƙasar nan ba da sarƙata a wuya ba. Ka saka mu a wannan abin naku.” Maganarsa tana iya zama gaskiya tsantsa, amma shagon ya kasa cancanta.

Wikipedia ba ta auna girman shago, ko yawan giram ɗin da ke cikin gilashi, ko kirkin mai shi. Abin da take tambaya shi ne: mutanen da ba ruwansu da shagon, ba a biya su ba, ba a roƙe su ba, sun yi rubutu mai zurfi a kansa a wurin da ake tace labari kafin a buga? In akwai irin wannan rubutu fiye da ɗaya, akwai maƙala. In babu, ko shagon ya fi kowanne girma daga Kazaure zuwa Haɗeja, babu. Kowane harshe na Wikipedia yana da ƙa'idojinsa da masu gudanarwarsa. Bayanin da ke tafe ya bi ƙa'idar Wikipedia ta Turanci a kan kamfanoni da ƙungiyoyi, wadda aka tsaurara da gangan fiye da ƙa'idar gama-gari saboda 'yan talla. Shagon da ya haye wannan ma'auni ba zai sha wuya a ta Hausa ba. Amma zaman maƙala a ta Hausa ba ya ba ta izinin shiga ta Turanci.

Mataki na farko: mene ne tsakaninka da shagon

Tun 2014 sharuɗɗan amfani na Gidauniyar Wikimedia, mai tafiyar da Wikipedia, suka wajabta wa duk wanda aka biya don ya yi rubutu ya bayyana wanda ya biya shi da wanda yake yi wa aikin. Biya ba sai an damƙa maka naira ba. Katin data, zoben azurfa, ragin farashi a sarƙar ƙanwarka, duk lada ne in saboda rubutun aka yi. Ana rubuta bayanin a shafinka na edita ko a shafin tattaunawar maƙalar. Wanda ya ɓoye aka gano, toshe asusunsa ake yi. In kuwa ba a biya ka ba amma mai shagon baffanka ne ko ubangidanka, nan ma ka faɗa, kuma ka bi ta hanyar daftari domin wani edita ya duba, kada ka wallafa kai tsaye.

Kada ka buɗe asusu da sunan shagon. Sunan da ke nuna kamfani ake wakilta yana jawo toshewa tun ba a je ko'ina ba.

Mataki na biyu: bincike

Ka ware awa biyu ko uku a inda sabis yake da ƙarfi, da littafin rubutu da biro a gefenka. Nemi sunan shagon a Google cikin alamar zance, domin ya kawo sunan a haɗe ba kalma-kalma ba. Sake nema da sunan garin, da sunan mai shagon, da laƙabin da aka fi saninsa da shi a kasuwa, da kowane salon rubutu: Hadejia da Haɗeja, gwal da zinari, da sunan Turancin da ke jikin allon shago. Daga nan sai sashen labarai na Google, sai Google Books, sai Google Scholar. Ka shiga gidajen labarai ɗaya bayan ɗaya ka yi amfani da akwatin nemansu: Daily Trust, Aminiya, Premium Times, Leadership Hausa, BBC Hausa, DW, RFI, Muryar Amurka, da allAfrica mai tattara labaran jaridu da dama.

Ba dole majiya ta kasance da Turanci ba, ba dole kuma tana intanet ba. Gidan kasuwancin da ya gaji sana'a tun kakanni yana iya fitowa a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ko New Nigerian, ko Triumph ta Kano. Masu neman tsofaffin takardu sukan je Arewa House a Kaduna, ko ɗakin karatu na Jami'ar Bayero, ko Gidan Ɗan Hausa. Duk abin da ka samu, rubuta sunan jaridar, kwanan wata, lambar shafi, kanun labarin da sunan marubucin. Na intanet kuwa ka adana shi a Wayback Machine, wato shafin da ke ajiye kwafin shafukan intanet, domin shafukan labarai kan ɓace idan aka sake fasalin gidan yanar. Editan da asusunsa ya kai wata shida, ya yi gyara 500, da gyara goma a cikin wata ɗaya da ya wuce, kuma ba a toshe yake ba, yana iya shiga Wikipedia Library ya karanta mujallun ilimi kyauta.

Mataki na uku: auna kowace majiya ita kaɗai

A nan aikin yake. Ka ja layi a littafinka: kowace majiya jeri ɗaya, da gida huɗu a gabanta. Zurfi, 'yanci, inganci, nazari. Majiyar da ta faɗi a gida ɗaya ta faɗi gaba ɗaya. Ba a ɗebo zurfi daga wannan a haɗa da 'yancin waccan a ce an samu guda.

Zurfi yana nufin rubutun a kan shagon yake, kuma ya ba ka abin da za ka iya gina maƙalar da ta wuce layi uku: yadda aka kafa shi, daga ina yake kawo kaya, me ya bambanta shi, wace matsala ya shiga, wane tasiri ya yi a kasuwa. Ga abin da ba ya shiga lissafi ko da a babbar jarida ya fito: sanarwar buɗe reshe, sunan shago a jerin masu ɗaukar nauyin gasa, ragin farashin sallah, canjin manaja, da kuma mafi yawan abin da masu gwal ke samu, wato ɗan jarida ya zo kasuwa yana tambayar dalilin tashin farashi, mai shago ya ce giram na karat 21 ya kai kaza. Wannan labarin farashin gwal ne, an ari bakin mai shago kawai.

'Yanci kashi biyu ne, kuma na biyun ne ke kayar da mutane. Na farko, marubucin da gidan jaridar ba su da alaƙa da shagon: ba ɗan'uwa ba, ba abokin ciniki ba, ba wanda aka ba tukuici ba. Na biyu, abin da ke cikin rubutun ma ba daga shagon ya fito ba. Ɗan jarida yana iya zama baƙo ɗungurungum, amma in duk abin da ya rubuta “Alhaji ya ce, Alhaji ya ƙara da cewa” ne, to Alhaji ne ya yi magana, shi ya riƙe biro kawai. Hanyar gwaji mai sauƙi: kwafe labarin, ka soke duk jimlar da ta fito daga bakin mai shago ko yaransa ko takardar sanarwarsa. Abin da ya rage shi ne majiyarka. Sau da yawa gaisuwar buɗewa ce kawai ke saura. Dalilin wannan tsauri ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa zama a kotun shari'a: alƙali ba ya karɓar shaidar ɗa domin amfanin ubansa, ba don ɗan maƙaryaci ne ba, sai don ba a gina hukunci a kan mai rabo a cikin maganar.

Labarin da aka biya yana da alamomi. Babu sunan marubuci, ko an sa “daga wakilinmu”. Yabo ne daga sama har ƙasa, babu aibu ko ɗaya, babu bakin abokin gasa ko mai saye. Jimloli iri ɗaya sun fito a jaridu uku ko huɗu cikin kwana biyu. A ƙarshe akwai lambar waya ko adireshin Instagram. Editocin Wikipedia ta Turanci sun rubuta gargaɗi na musamman a kan labaran da ake biya ba a bayyana ba a jaridun Najeriya da na Indiya, saboda haka sunan babbar jarida shi kaɗai ba ya wadatar da mai dubawa. Labarin zai karanta.

Inganci shi ne a ce wurin yana da editoci, yana gyara kuskure, kuma an san shi da tantance labari. Facebook, TikTok, saƙon WhatsApp, da shafin da mutum ɗaya ke zuba abin da ya ga dama ba sa ciki, komai yawan mabiya. Shirin rediyo yana iya zama majiya in an adana shi yadda wani zai iya komawa ya saurara, amma shirin da shagon ya ɗauki nauyinsa talla ne. Aikin jami'a kuwa hawa-hawa ne: kundin digirin digirgir ana karɓarsa da taka-tsantsan, na digiri na biyu sai in an ga masana suna dogara da shi, na digirin farko kuwa ba a lissafa shi.

Nazari shi ne marubucin ya tattara bayanai ya auna su da kansa. Takardar rajista, rasit, hirar tambaya da amsa, bayanan kotu, duk ɗanyen abu ne. Suna iya tabbatar da shekarar kafuwa a cikin maƙala, amma ba sa tabbatar da cancanta.

Akwai sharaɗi biyu a kan huɗun nan. Labarai biyar daga marubuci ɗaya ko gida ɗaya majiya ɗaya ake ƙirga su. Sannan aƙalla ɗaya daga cikin majiyoyin ya zama mai faɗin masu karatu, na yanki ko na ƙasa ko na duniya. Mujallar ƙungiyar ci gaban gari ko ta ƙungiyar 'yan kasuwa ba ta isa ita kaɗai ba.

A gwada da leda guda

A ce mai shago a wani garin Jigawa ya miƙo maka leda cike da hujjoji. Ka zazzage ta a tabarma.

Takardar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista: ta nuna shagon yana nan, kuma dubban shaguna suna da irinta. Kalanda mai hotonsa da wani basarake: shi ya buga ta. Lambar yabo ta katako da gilashi daga wata ƙungiyar matasa: in ita kanta lambar ba a san ta ba, ko kuma sai an sayi teburi a wurin biki ake ba da ita, ba ta da nauyi. Hoton wata 'yar fim sanye da awarwaronsa: shahara ba ta gado a Wikipedia, ta mai saye ba ta komawa kan shago, haka ma sarautar da aka naɗa mai shagon. Waƙar da maroƙi ya yi masa a biki: an yi liƙi. Yankakken shafin jarida na ranar da ɓarayi suka fasa shagon: labarin fashi ne, na kwana ɗaya, bai ce komai a kan kasuwancin ba. Haka in labaran duk a kan zargin sayar da jabun gwal ne, ƙa'idar ta ce rubutun da bai wuce zargin laifi ba ba ya kafa cancantar kamfani.

Saura takarda ɗaya: rahoto na rabin shafi a jaridar ƙasa, da sunan marubuci. Ya je garin da ƙafarsa, ya bi tarihin gidan daga ƙirar azurfa zuwa sayo gwal daga Dubai da Saudiyya, ya ji ta bakin dillalai da wata mai haɗa lefe da wani malamin tarihi, har ya ambaci lokacin da gidan ya kusa durƙushewa. Wannan ta ci gida huɗu. Amma ɗaya ce.

Mataki na huɗu: hukunci

Ƙa'ida ta ce majiyoyi su fi ɗaya, ba ta yanke adadi ba. A aikace, biyu masu ƙarfi su ne mafi ƙaranci, kuma masu dubawa sun saba cewa “kawo mafi kyawun ukunka”. In kana da uku da suka ci gida huɗu, rubuta. In biyu ne kuma ɗaya tana rawa, yi daftari ka ci gaba da nema. In ɗaya ce ko babu, tsaya. Tara majiyoyi ashirin marasa ƙarfi ba ya rufe giɓin, sai ma ya sa mai dubawa ya yi zargin ana binne rashi ne da yawa.

Kada tsufa ya ruɗe ka. A cikin manyan kamfanonin kayan ado, Tiffany ta faro a New York a 1837, Cartier a birnin Paris a 1847, amma ba shekarun ne suka ba su maƙala ba. An rubuta littattafai a kansu, kuma lokacin da kamfanin kayan alatu na Faransa LVMH ya sayi Tiffany a 2021 kan kusan dala biliyan 16, jaridun kasuwanci sun yi ta fashin baƙi. Yabo ma ba sharaɗi ba ne. A 1991 Gerald Ratner, shugaban kamfanin sayar da kayan ado na Ratners a Ingila, ya tsaya a taron manyan 'yan kasuwa a Landan ya yi ba'a cewa wani kayansu yana da arha ne saboda tarkace ne. Darajar kamfanin ta faɗi da kusan fam miliyan 500, kuma a 1993 aka canja masa suna zuwa Signet. Wannan abin kunyar yana cikin abin da aka fi rubutawa a kan kamfanin, kuma yana nan a Wikipedia har yau. Ya kamata mai shago ya ji wannan tun da wuri: maƙala ba tasa ba ce. Ba zai iya cire abin da ba ya so ba muddin majiya mai inganci ta kawo shi.

Idan ya cancanta

A Wikipedia ta Turanci sai asusu ya kwana huɗu da gyara goma kafin ya iya ƙirƙirar maƙala kai tsaye, amma kowa yana iya miƙa daftari. Gina rubutun daga majiyoyin nan uku, ba daga abin da ka sani ba. Ka rufe shafin shagon na Facebook kafin ka fara, domin kwafe jimlolinsa keta haƙƙin mallaka ne, kuma gogewa ake yi nan take. Cire “shahararre”, “amintacce”, “na ɗaya a Arewa”. Babu farashi, babu lambar waya, babu jerin kaya. Kowace magana da majiyarta a gefe. Dubawa tana iya ɗaukar makonni ko watanni, kuma daftarin da aka bari wata shida ba a taɓa ba ana iya goge shi.

Gogewa hanya uku take zuwa. Ta gaggawa, ba tare da muhawara ba, kamar lamba A7 ga maƙalar da ba ta nuna wani muhimmanci ba, ko G11 ga talla tsagwaro. Ta biyu, wani ya liƙa sanarwa, in kwana bakwai suka wuce ba wanda ya ƙi, a goge. Ta uku ita ce muhawara, wadda kan ɗauki kwana bakwai. A can ba ƙuri'a ake ƙirgawa ba, hujja ake dubawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tura saƙo zauren WhatsApp na unguwa a ce kowa ya je ya rubuta “a bari”. Sabbin asusu goma da magana iri ɗaya ba sa ƙara komai sai bincike a kanka. Abin da ke aiki shi ne ka jera majiyoyinka uku, ka faɗi a layi ɗaya-ɗaya dalilin da kowacce ta cika sharaɗi. In aka goge bayan muhawara, kada ka sake ɗora rubutun nan dai. Ana sake goge shi, kuma in aka nace ana iya kulle sunan yadda ba mai iya ƙirƙirarsa.

Wikipedia ba ta karɓar ko kwabo don dubawa ko wallafawa. Duk wanda ya kira mai shago ya ce shi jami'insu ne, a biya shi ya amince da daftari ko ya hana gogewa, ɗan damfara ne.

Idan bai cancanta ba

Wannan shi ne sakamakon mafi yawan shaguna, har da manya na cikin birnin Kano. Faɗar sa ga babba tana buƙatar ladabi, amma ba ta buƙatar kwana-kwana. “Ranka ya daɗe, ba mutuncin shago suke dubawa ba, rubutun 'yan jarida da masana suke nema, kuma guda ɗaya muka samu. In na saka yanzu za su goge, sunan ya shiga jerin waɗanda aka taɓa gogewa. Gara mu jira.” Kada ka ba shi shawarar ya sayi labari a jarida don a cike gurbin. Kuɗin zai tafi, labarin kuma ya faɗi a gidan 'yanci.

Abin da mai shago yake so a zahiri, wato masu saye su same shi, Google Maps da WhatsApp Business da Facebook sun fi yi masa shi. Ko a nan a yi hattara da yawan bayani: shagon gwal a garin da ofishin 'yan sanda yake da nisa ba ya buƙatar duniya ta san yawan kayansa da lokacin da yake rufewa.

Kai kuma binciken da ka yi bai tafi a banza ba, domin batun da ke kewaye da shagon ya fi shagon samun majiya. Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, masana sun yi rubutu a kanta. Haka sana'ar maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, da al'adar lefe, da aikin tsakiya da tagulla na Bida, da kasuwannin mako irin ta Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a. In majiya mai inganci ta ambaci gidan nan a cikin tarihin sana'ar, ana iya saka jimla ɗaya a maƙalar sana'ar ko ta garin, daidai gwargwadon nauyin da majiyar ta ba shi, ba tare da adireshi ko mahaɗar shafinsa ba.

Irin waɗannan maƙaloli hotuna suke nema: munduwa, 'yan kunne, zoben azurfa, maƙeri a bakin zugazugi, sikelin auna giram. Ka ɗauka da wayarka ka ɗora a Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da su, ba wanda ka sauke daga shafin wani ba. Ka nemi izinin maƙerin, ka kuma bayyana masa cewa lasisin Commons yana ba kowa damar amfani da hoton, har a kasuwanci, kuma ba a janye shi bayan an bayar. Ka ɗauki kayan da hannun mai aiki, ka bar ƙofar shago da inda ake ajiya a wajen hoton.